Saƙo a Buhun Taki

Bappayo, na ba Ɗanliti direba saƙonka,
ka tare shi a tashar garinku kafin la'asar.
Buhun taki ne, amma zura hannu can gefe,
littattafai huɗu na kwance, na naɗe su a leda biyu
don kar gishirin ya riga ka cinye su.

Ka tuna ajinmu a Dukku, da malam mai alli har gira?
Muna haddar ƙanƙara tana zuba kan rufi,
mu da ba ma ganinta sai a randar mai zoɓo.
Yaran cikin littafi duk jan kunci gare su,
suna cin 'ya'yan itacen da ba su da suna a bakinmu.
Har na girma ina zaton baƙar fata ba ta shiga takarda,
sai dai ta riƙe wa wani jaka, ta koma gefe.

Ladidi ce ta warware mini,
mai ɗakin magani a Jekadafari.
Na je sayen maganin tari, ta ce, "Kana karatu kuwa?"
Ta juya bayan rasit, ta jera sunaye bakwai,
ta ce, "Duk nan irina ne da irinka.
In ka gama ka dawo mu yi musu."

Fara da mai yagaggen bangon.
Wata ce daga tsibirin rake,
tsatson waɗanda aka ɗaure aka haye teku da su.
Kakarta na daka tana kiran sunan wani gari
da ita ma ba ta san inda yake ba.
Na rufe shi na fito tsakar gida,
na tarar da Inna a bakin turmi,
na tsaya kamar ban taɓa jin taɓarya ba.

Na biyu ɗan gabas ne, makiyayin raƙuma,
rijiyarsu ta ƙafe, ya bi jirgin ruwa neman abinci.
Zai gundure ka a tsakiya, ya cika zagaye-zagaye.
Daure.
Kai da ka kora shanun Baffa kasuwa a shekarar fari,
akwai shafin da zai shaƙe ka a maƙogwaro.
Na lanƙwasa masa kunne, amma kar ka tsallaka can.

Na uku ban so shi ba.
Waƙoƙin wani baƙin mutum ne mai jan tasi
a birnin da rana ke faɗuwa tun azahar.
Na ce kuka ya yi yawa, Ladidi ta ce ba ni da kunne,
muka yi ta yi har mai jiran allura ya yi zuciya ya tafi.
Karanta ka raba mana gardama.

Na huɗu siriri ne, ko hoto babu.
Wata malamar firamare a Kaltungo ta buga shi
da kuɗin adashinta.
Dutsen nan da muke wucewa a mota yana ciki,
da rafi, da sunan mai sayar da gwanda a gindin gada.
Ɗari biyu kacal ta iya bugawa,
saboda haka wanke hannu in ka ci tuwo.

Sauran ukun ban samu ba tukuna,
mai tebur a Tsohuwar Kasuwa ya ce sai ya je Jos.

Sharaɗi ɗaya: ba a kulle su a akwati.
Ba Dija, ba yaron nan mai cajin waya,
kowa ya sa sunansa a bangon ciki, ƙarƙashin nawa.
In sun dawo da maiƙo da warin hayaƙi, ba komai.
In kuma ka ji wani da ban sani ba,
rubuto mini shi ko a bayan kwalin ashana.

Kuɗin takin ma, Bappayo, ban manta ba.